Idan mai tuƙi ya sauka: sauyin shugabanci a cibiyar kwaikwayon sararin samaniya, da abin da ya shafi Maraɗi

A shekarar 2013 wani malamin firamare mai suna Victor Williamson ya yi ritaya a garin Pleasant Grove na jihar Utah a Amurka. Kowace shekara malamai da yawa ke ajiye alli ba wanda ya ji labarinsu, amma tafiyar wannan ta sa iyaye da tsofaffin ɗalibai zullumi, domin abin da ya bari ya wuce aji. Ya bar wata cibiya mai suna Christa McAuliffe da ya kafa da hannunsa a cikin makarantar, inda ake shigar da yara ɗakunan da aka ƙera kamar cikin kumbo, su yi tafiyar kwaikwayo zuwa sararin samaniya. Tun buɗe ta a watan Nuwamba na 1990 shi ke riƙe da ita. Tambayar da ke bakin kowa ita ce ko za ta rayu bayansa.

Mutumin Maraɗi zai iya cewa ina ruwan biri da gada, mu da muke fama da ƙarancin azuzuwa da tebura. Ina ganin akwai ruwanmu sosai. Yadda wannan cibiya ta soma bai fi ƙarfin malamin lise ɗinmu ba, kuma abin da ya kusa kashe ta shi ne ciwon da ya daɗe yana kashe ayyuka masu kyau a makarantunmu.

Sai an san abin da ke gudana a cikin ɗakin kafin a gane nauyin kujerar shugaban. Ɗaki ne mai duhu, an jera kujeru da allunan kwamfuta, a gaba akwai babban allo mai nuna taurari. Yara suna shiga a raba musu aiki: wannan kyaftin, wannan mai lura da hanya, wannan mai sadarwa, wannan injin da wutar jirgi, wannan likita. Babu wanda aka ba cikakken bayani shi kaɗai. Idan iskar shaƙa ta soma raguwa, yarinyar da ke zaune gaban ma'auni ce kaɗai za ta gani. Dole ta buɗe baki ta gaya wa kyaftin, shi ya tambayi mai injin ko akwai wutar da za a karkata, shi kuma ya yi lissafi a takarda ƙararrawa na kuka a kansa. Idan ta ji kunya ta yi shiru, jirgin duka ya shiga uku. A cikin awa biyu yaro ya yi lissafi, ya karanta umarni ya fahimta, ya yi magana a fili, ya saurari wanda bai saba saurara ba, kuma bai ji kamar darasi ake yi masa ba.

Abin da yaran ba su gani shi ne ƙaramin ɗakin da ke bayan bango. A can mai jagorantar tafiya yake zaune da makirufo, yana kallonsu ta kyamara. Shi ne muryar kwamfutar jirgi, shi ne muryar baƙon jirgin da ya tare su, shi ke sa kiɗa, shi ke sakin ƙararrawa. Ya hango yaron da aka ba injin ya soma hamma, sai ya lalata masa wani sashe don ya farka. Ya ga kyaftin ta rikice har idonta ya kawo ruwa, sai ya sassauta, ya turo mata saƙon da zai nuna mata hanya ba tare da ya ba ta amsa ba. Ya ga wani mai baki ya danne kowa, sai ya ajiye bayanin da ake buƙata a allon yaron da ya fi kowa shiru. Kwamfuta ba ta yanke irin wannan shawara. Mutum ne ke karanta fuskoki yana murɗa labarin daƙiƙa bayan daƙiƙa.

Wannan gwaninta ba a koyon ta a littafi. Kamar ƙira take: yaro yakan daɗe yana zuga wuta yana kallon hannun maƙeri kafin a miƙa masa guduma. A cibiyar Utah haka tsarin ya kasance. Yaro ya zo yawon makaranta, abin ya shiga ransa, ya dawo aikin sa kai yana ɗan shekara goma sha, ya yi wasan kwaikwayo a matsayin baƙon da ya kutso jirgi, ya zauna kusa da mai makirufo yana danna abin da aka ce ya danna, har ranar da za a bar masa kujerar. Shugaban cibiya shi ke lura da wannan sarƙa, shi ya san wane ne ya nuna, wane ne da saura. Don haka idan ya tashi, abin da ke cikin haɗari ya fi gini da na'urori yawa.

Asalin abin kuwa ƙarami ne ƙwarai. A 1983 Williamson yana koyar da ƴan aji shida. Ya zana maɓallan jirgi a kan kwalaye, ya kashe fitilar aji, ya kunna majigi, ya ɓuya bayan tebur yana ba da labari da murya iri-iri. Shekara bakwai ya yi yana wannan kafin a samu kuɗin gina jirgi na farko, Voyager, a jikin makarantar. Sunan da aka ba cibiyar na malamar nan ce ta jihar New Hampshire da aka zaɓa cikin malamai fiye da 11,000 don ta tafi sama ta koyar da darasi daga can. Ranar 28 ga Janairun 1986 kumbon Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi, ita da abokan tafiyarta shida suka rasu, ɗalibai da dama suna kallo a talabijin.

Daga jirgi guda aka yi ta ƙari: Odyssey, Galileo, Magellan, Phoenix. Yawanci da ƙaramin kuɗi da hannun ƴan sa kai aka gina su, ana tsaga ɗaki nan, ana jan waya can. A 2012 masu binciken gine-gine suka duba, suka tarar wayoyin lantarki da wasu sassa ba su cika ƙa'idar kariya daga gobara ba, hukumar makarantun yankin Alpine ta rufe cibiyar. Jama'a suka yi ca, aka yi taruka, aka rubuta wasiƙu. A 2013 aka sake buɗewa da wasu jiragen bayan gyara, amma tsohon Voyager bai sake tashi ba. A wannan shekarar ne wanda ya kafa ta ya sauka. Wato sauyin shugabanci ya zo daidai lokacin da cibiyar ke rarrafe.

Masu ƙaunar irin wannan aiki sukan ɗauki mai bincike a matsayin maƙiyi, mutumin ofis da bai san darajar abin da ya rufe ba. Ni ba na cikin masu wannan ra'ayi, kuma ba na jin akwai ɗan Maraɗi da ya kamata ya kasance cikinsu. Ranar 8 ga Nuwamban 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a cikin garin nan, yara ƙanana fiye da 20 suka rasu. Wanda ya ga iyayen nan ba zai ƙara kiran maganar ƙofar fita da ingancin waya ɓata lokaci ba. Ɗakin kwaikwayon kumbo kuwa an yi shi ne da gangan ya zama mai duhu, mai lungu, cike da waya, ana sa hayaƙin wasa da ƙararrawar wasa, har yaro bai iya bambanta ta gaske da ta labari. Mai kafa abu yawanci idonsa na kan yara da labari, takarda da ƙa'ida suna gundurar sa. Ba mugunta ba ce, zafin son aiki ne. Amma wannan gurbin da ya bari shi ne aikin farko da ke jiran magajinsa.

Abin da ya ceci cibiyar, a ganina, abu biyu ne suka haɗu. Waɗanda suka karɓi ragama mutanen gida ne, sun daɗe a bayan bango, sun san makirufo, yaran sa kai sun yarda da su. Sannan hukumar makarantu ta daina kallon cibiyar a matsayin sha'awar malami guda, ta ɗauke ta a matsayin dukiyarta. Da aka sake gina makarantar, sai aka yi wa cibiyar mazauni na musamman tun daga zanen gini, aka buɗe a 2020 ƙarƙashin jagorancin James Porter, da sababbin jirage da ɗakin kallon taurari mai rufin ƙoƙo. Shi kuma Williamson ya koma koyarwa a wata makaranta da ke kusa, inda daga baya aka gina wani jirgi aka raɗa masa Voyager. Wannan matsawa gefe da ya yi tana da muhimmanci. Tsohon shugaban da ya sauka amma kullum yana bakin ƙofa, ma'aikata na zagayawa suna kai masa ƙara, ya fi wanda ya ɓace gaba ɗaya wahalar da magaji.

Akwai kuma abin da tsofaffin yaran sa kai suka yi. Wasu sun buɗe cibiyoyi irinta a wasu makarantu. An rubuta manhajar tuƙin jirage mai suna Thorium aka sake ta kyauta ga duk mai so. Ilimin da a da yake cikin kan mutum guda ya bazu zuwa hannaye da yawa, ta yadda ko da an rufe ɗaki guda, sana'ar ba ta mutu ba.

Ba duk cibiyoyi ke da wannan siffa ba. Iyalan waɗanda suka rasu a Challenger, da jagorancin June Scobee Rodgers, matar kwamandan kumbon Dick Scobee, sun kafa ƙungiyar Challenger Center a 1986, aka buɗe ɗakin koyo na farko a birnin Houston a 1988, daga nan suka yaɗu zuwa gomman wurare. A nasu tsarin ana raba aji biyu, rabi cikin kumbo, rabi a ɗakin ba da umarni na ƙasa, a tsakiyar tafiya su yi musanya. Hedikwata ce ke rubuta labarin tafiya da manhaja, ita ke horar da ma'aikata, makaranta ko jami'a ko gidan tarihi kuma su riƙe ginin da kuɗin gudanarwa. A nan tafiyar mutum guda ba ta girgiza darasin sosai, domin komai a rubuce yake. Inda take ciwo shi ne dangantaka: darakta ne ya san shugabannin makarantun da ke turo ɗalibai, shi ya san kamfanin da ke biyan kuɗin motar yaran talakawa. Idan ya tafi bai gabatar da magajinsa ga waɗannan mutane ba, sai a wayi gari na'urori na aiki lafiya amma kujeru babu kowa.

Misalin Space Camp, sansanin koya wa yara harkar sararin samaniya na birnin Huntsville a jihar Alabama, wanda aka soma a 1982, yana nuna wani haɗarin dabam, wato tsawon zaman riƙon ƙwarya. Deborah Barnhart ta sauka daga shugabancin cibiyar a ƙarshen 2019. Ƴan watanni bayan nan annobar korona ta rufe ƙofofi, wurin da ya dogara da kuɗin shiga da kuɗin sansanin yara ya rasa mafi yawan abin da yake samu, aka sallami ma'aikata. A watan Yulin 2020 sai da aka fito neman gudunmawar dalar Amurka miliyan 1.5 don kada a rufe. Tsofaffin ɗalibai da kamfanoni suka cika kuɗin cikin kwanaki kaɗan. Sai a watan Fabrairun 2021 Kimberly Robinson, wadda ta daɗe tana aiki a NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta hau kujerar. Babu wanda ya san annoba na tafe, amma masifa ba ta jiran a gama neman shugaba, kuma a nan ma mutanen da suka ratsa ta wurin suna yara ne suka tallafe shi.

To mu dawo gida. Na taɓa shiga wata makaranta a cikin jihar nan inda wani shiri na taimako ya kawo kwamfutoci da faifan hasken rana. Malamin kimiyya guda ne ya rungumi abin, yana tsayawa da yara bayan an tashi, har ranar Asabar. Ana nan sai afektasiyon ta fito, aka mayar da shi wata jiha. Ranar da na je, maigadi ne ya zagaya da ni. Na ce, "Baba, ina makullin ɗakin nan?" Ya ce, "Malam, makulli yana nan, amma ko na buɗe maka ba abin da za ka yi. Lambar buɗe injunan tana wurin mushen da ya tafi." Ya buɗe. An lulluɓe alluna da tsofaffin zannuwa, ƙura ta yi kauri a kan tebura har yara sun rubuta sunayensu da yatsa, zanzaro ya yi gida a bayan akwati guda, batura sun kumbura don ba wanda ya san ana duba su. Ba a saci komai ba. An yi miƙa aiki bisa ƙa'ida, an ƙirga kaya, an sa hannu. Takardar ta ce kwamfuta kaza, tebur kaza, kuma gaskiya ta faɗa. Abin da ba ta da gurbinsa shi ne wa ya iya, wa aka koya wa, wa za a kira idan abu ya lalace.

Wannan shi ne raunin yadda muke miƙa aiki. Muna ƙirga abin da ake taɓawa da hannu, mu bar abin da ke cikin kai ya hau mota ya tafi. Kuma tsarin aikin malanta a ƙasarmu yana ƙara wa ciwon gishiri: malamai da yawa ƴan kwantaragi ne, suna jiran ranar da za su samu abin da ya fi, sauyin wurin aiki kuma yakan zo dab da komawa makaranta a watan Oktoba, wanda zai tafi da wanda zai zo ba su ko haɗu ba.

Duk da haka Maraɗi tana da nata misalin na aikin da ya rayu bayan mai kawo shi, kuma daga sama aka tabbatar da shi. A farkon shekarun 1980 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki a yankin nan, ya lura cewa ƴan tsiron da ake sarewa a gonaki kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Aka soma abin da manoma ke kira sassaben zamani: a bar reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi na kalgo ko sabara ko gawo, a datse sauran, a kare su. Ya bar Nijar a ƙarshen shekarun 1990. Bayan tafiyarsa ne masu bincike, cikinsu har da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, suka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbin hotunan tauraron ɗan'adam, suka ga kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a jihohin Maraɗi da Damagaram da kewaye, itace wajen miliyan 200. Dalilin da aikin bai bi shi ba a bayyane yake. Kayan aikin adda ce da kowa ke da ita, ilimin ya shiga hannun manoma tun yana nan, maƙwabci na koya daga maƙwabci, amfanin kuma na mai gona ne.

Wannan labari yana kuma amsa wa mai cewa sararin samaniya ba damuwarmu ba ce. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974 da hotunan tauraron ɗan'adam take bin sawun damina da ciyawar makiyaya da yanayin amfanin gona a Sahel. Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da hukumarta ta sararin samaniya a Alƙahira a 2025. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo tana nan cikin gari tun 2010, da ɗaliban kimiyya da na aikin gona. Wani zai zauna gaban waɗannan alluna nan da shekara goma sha biyar. Ina so ya zama yaron da ya taso a unguwar Zariya ko Bagalam ko Sabon Gari, wanda tun yana kwaleji ya saba karanta ma'auni ya faɗi abin da ya gani ba tare da tsoro ba.

Kuma ba sai an jira gini ba. Aji guda, labule baƙi, kwalaye, lasifika, wayar salula biyu, kwamfuta guda idan ta samu. Labarin ma ba dole ya zama na duniyar Mars ba. Ana iya sa rabin aji su zama masu sarrafa tauraron da ke bin garin fara, rabi su zama ofishin ƙasa da zai yanke shawarar ƙauyen da za a fara gargaɗi, a yi shi da Hausa da Faransanci. Matsalar wuta gaskiya ce, mun ɗanɗana a 2023 lokacin da aka yanke layin da ke zuwa daga Najeriya, amma kwali da murya ba su buƙatar kuran.

Wani zai ce rubuce-rubuce da kwamiti suna kashe ruhin abu, cewa irin wannan aiki sai mutum guda mai zafin nama wanda ba ya jiran izini. Akwai gaskiya a ciki. Kwamiti bai taɓa ɓuya bayan tebur yana canza murya don yara su ji daɗi ba, kuma da Williamson ya jira a ba shi kasafin kuɗi a 1983, da babu abin da za a gada. Farawa aikin mutum guda ne, ban musa ba. Abin da nake cewa shi ne daga shekara ta biyu nauyin ya sauya. Malamin da ya soma ya sa wani malami a kujerar makirufo shi ya koma gefe, ko da na biyun bai kai shi iyawa ba, ko da tafiyar ranar ta yi sanyi. Wannan yana da ɗaci, domin mai abu yana ganin kowane kuskure, hannunsa na ƙaiƙayi ya karɓe. Amma mutum ba ya ƙwarewa sai an bar shi ya yi kuskure gaban yara na gaske.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma su ke yanke hukunci. Labarin kowace tafiya a rubuta shi a littafi mai bango, da abin da ake yi idan yara suka kasa da abin da ake yi idan suka yi sauri. Lambobin buɗe na'ura su kasance wurin mutum uku, ɗaya daga cikinsu ɗan kwamitin kula da makaranta wanda ba a yi masa afektasiyon. Kuɗin da iyaye suka tara, ko dala ashirin-ashirin ne, ya shiga littafi da sunan makaranta. Ɗaliban da suka wuce zuwa jami'a a riƙe lambobinsu, a kira su lokacin hutu su zo su horar da ƙannensu. A gayyato ƴan kwana-kwana su duba ɗakin kafin yaro na farko ya shiga, a nuna wa kowane rukuni ƙofar fita da kalmar da idan aka faɗe ta wasa ya ƙare.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin malami, sai hukumar ilimi ta jiha. Idan za a ɗauke malamin da ke riƙe da ɗakin gwaji ko ɗakin kwamfuta ko wani shiri irin wannan, a sanar da shi tun kafin babban hutu, a ambaci wanda zai gaje shi, a bar su su yi aƙalla wata uku tare. A takardar miƙa aiki kuma a ƙara shafi guda bayan lissafin kaya, inda sabon zai sa hannu cewa ya kunna kowace na'ura da kansa, kuma ya jagoranci darasi guda daga farko har ƙarshe tsohon yana zaune yana kallo.